Darasin lafiya: Allurar da ke ƙara sojojin jini, da abin da take yi wa mai bayarwa

Ƴan'uwa masu karatu, manoma da makiyaya, darasinmu na yau a kan jini yake. Ku karanta shi a tsanake, sa'annan ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.

A jikin babban mutum akwai jini kamar lita 5. Cikin jinin akwai jajayen ƙwayoyi masu kai iska ko'ina a jiki. Akwai kuma fararen ƙwayoyi. Su ne sojojin jiki, masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Duka ana yin su cikin ɓargon ƙashi. Ɓargo kamar gona yake, jini shi ne amfanin da take bayarwa.

Wani lokaci gonar takan gaza. Mai ciwon kansa da ake yi wa magani mai ƙarfi, fararen ƙwayoyinsa sukan ragu ƙwarai. Ƙaramar cuta sai ta kayar da shi. Idan magunguna sun kasa, a wasu manyan asibitocin duniya akan ɗebo fararen ƙwayoyi daga jikin mai lafiya, a ƙara masa.

To, amma fararen ƙwayoyi ba su da yawa cikin jini. Saboda haka akan yi wa mai bayarwa wata allura da ake kira G-CSF. An yarda da amfani da ita a Amurka a shekarar 1991. Aikinta ya yi kama da na taki a gona: tana zaburar da ɓargo ya fito da sojoji masu yawa. Akan yi ta kamar awa 12 kafin ɗibar jinin. Washegari sai a haɗa mutum da wata na'ura. Ita ce ke tace fararen ƙwayoyi, ta mayar masa da sauran jininsa. Dole ne a ƙara wa majiyyaci su cikin awa 24, domin ba su daɗewa.

Me mai bayarwa yake ji? Da yawa sukan ji ciwon ƙashi, musamman a baya da ƙugu, domin ɓargo yana aiki fiye da yadda ya saba. Wasu sukan yi ciwon kai, ko kasala, ko ɗan zazzaɓi. Waɗannan sukan wuce cikin ƴan kwanaki, jini ya koma yadda yake. Akwai haɗari babba amma ba safai ake ganinsa ba: saifa takan kumbura, har ta fashe. Mai ciwon sikila kuwa, allurar tana iya tayar masa da ciwo mai tsanani. Don haka likita yakan auna mutum, ya bayyana masa kome, sai ya yarda kafin a taɓa shi.

Yanzu mu dawo gida Adar. Jinin da ake roƙonmu a babban asibitin Tawa ba ya bukatar wannan allura. Ana ɗibar abin da bai kai rabin lita ba, cikin ƴan mintoci. Ruwan jinin yana komawa cikin kwana 1 ko 2, jajayen ƙwayoyi kuma cikin ƴan makwanni. Ana karɓa daga mai lafiya da ya kai shekara 18, mai nauyin kilo 50 ko fiye.

Da damina, zazzaɓin cizon sauro yana shanye jinin yara. Mata kuma sukan zubar da jini wajen haihuwa. Akan ɗauko su daga Barmu, Tabalak ko Abalak, a iso Tawa a galabaice. Idan babu jini a ajiye, tafiyar ta zama banza. Wasu suna jure ciwon ƙashi domin ceton wanda ba su sani ba. Mu da ba a nemi haka gare mu ba, me zai hana mu miƙa hannu?

Ranar 14 ga watan Yuni ta kowace shekara ita ce ranar masu ba da jini ta duniya. Amma kada mu jira ta.

Tambayoyi:
1. Ina ake yin ƙwayoyin jini?
2. Mene ne aikin fararen ƙwayoyi?
3. Wa bai kamata a yi wa wannan allura ba?