Bama a Kan Salak: Amsar Wasiƙun Masu Son Rage Ƙiba

Ga mu a filin amsa tambayoyinku kan abinci da lafiyar jiki. A wannan makon saƙonni da dama sun zo a kan abu guda, wato bama da kirim ɗin salak, da yadda suke hana masu son rage ƙiba sakat. Shi ya sa na ware su, na ce yau filin nasu ne.

Wasiƙa ta farko daga wata malamar makaranta ce a Zariya. Ga abin da ta rubuto: "Likita ya ce in rage nauyi saboda ciwon gwiwa da hawan jini. Na bar tuwon dare, na koma cin salak. Wata biyu ke nan, sikeli bai motsa ba. Ni kuwa ba na iya cin salak sai na zuba masa bama ya yi fari. In na daure kwana biyu, ran na uku sai in tsinci kaina a gaban firji da cokali a hannu. Uwar mijina ta ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Shin ni ce ba ni da haƙuri?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Macen da ta iya barin tuwon dare wata biyu cur ba za a ce ba ta da haƙuri ba. Matsalar tana cikin lissafi ne, kuma lissafin ba mai wuya ba ne.

Abin da muke kira bama, ko wane kamfani ya yi shi, haɗin man girki ne da gwaiduwar ƙwai da ruwan khal ko lemon tsami da gishiri. Man shi ne mafi yawa, kashi 65 zuwa 80 cikin 100. Gwaiduwar ce take riƙe mai da ruwa wuri guda, sai abin ya fito fari, mai kauri, ido bai ganin mai a cikinsa. Amma jiki yana gani. Giram ɗaya na mai yana ba jiki kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko na furotin kalori 4 ne kacal. Saboda haka babban cokali ɗaya na bama, wanda aka shafe bakinsa, yana ɗauke da kalori 90 zuwa 100. Latas kuwa giram 100 kalori 15 ne, kabeji kusan 25. Farantin ganye da tumatir da kokwamba da karas da ƙyar yake kai kalori 100. In kin zuba masa cokali huɗu na bama, kin ɗora kalori kusan 400, daidai da kofi biyu na dafaffiyar shinkafa. Wannan fa in an shafe cokalin ne. Wa ke shafewa? Yawancinmu da tsororuwa muke ɗebowa. Ki haɗa da waken gwangwani mai suga, da dankali, da makaroni da ake sa wa salak irin na biki, sai ki ga farantin ya kamo tuwon da kika bari, wata ran ma ya wuce shi. Dalilin da ya sa sikelinki bai motsa ba ke nan.

To, sai a ce a jefar da kwalbar? Ni ban yarda da wannan ba, kuma wasiƙarki ma ta nuna dalili. Kin haramta wa kanki kwana biyu, ran na uku kin ci fiye da abin da za ki ci a kwana ukun. Duk abin da mutum ya ce wa ransa har abada ba zai ƙara taɓawa ba, shi ne zai yi ta yi masa yawo a zuciya. Ga kuma yunwa ta gaskiya: ganye zalla ba ya riƙe ciki. Kin wuni a aji kina magana, kin dawo kin yi aikin gida, sannan kin ba cikinki latas. Dole jiki ya nemi abin da ya fi ƙarfi a gidan, abin da ya fi ƙarfi kuwa mai ne.

Ga abin da nake so ki gwada. Ki auna cokali ɗaya, shafaffe, ki sa a ƙaramin kwano, ki rufe kwalbar ki mayar firji tun kafin ki zauna. Kada kwalba ta zo kan tabarma ko tebur. Ki matsa rabin lemon tsami a kai, ki ƙara cokali biyu ko uku na kindirmo ko yogot marar suga, ki daka tafarnuwa ƙwaya ɗaya da ɗan masoro ki zuba, ki kaɗa. Cokalin yogot kalori 10 ne ko kusa da haka, saboda haka kin samu cokali huɗu na abin zubawa a kan kalori 130, maimakon 400. Ɗanɗanon bamar yana nan, tsamin ma ya ƙara fito da shi. In kindirmo ne, ki tabbatar daga madarar da aka tafasa aka yi shi.

Sai kuma yadda ake haɗawa, wanda mutane da yawa ba su kula da shi ba. In kin wanke ganye ki bar shi a kwando ya tsane sosai, don mai ba ya kama jiƙaƙƙen ganye, zamewa yake ya taru a gindin faranti, ke kuma ki ji salak ba daɗi ki ƙara. Ki yanka kabeji da latas siri-siri, ki zuba a babbar roba mai murfi, ki sa haɗin, ki rufe ki girgiza har kowane yanki ya samu rabonsa. Sannan ki sa wa farantin abin da zai riƙe ki: dafaffen ƙwai, ko gasasshen kifi, ko tsokar kaza, ko dafaffen wake na gida. Ki ci a natse, don ciki yana ɗaukar kusan minti 20 kafin ya sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Kuma kada ki cire mai gaba ɗaya. Bitamin A da D da E da K sai da ɗan mai jiki yake iya tsotse su, karas ɗin da kike ci ma amfaninsa ya fi shiga jiki in akwai maiƙo a tare da shi. Ki yi haka wata guda ki sake rubuto mana. In ana sauke rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, tafiya ta yi kyau.

Saƙo na biyu daga wani ɗan kasuwa ne a Maraɗi, mai fama da ciwon suga. Ya ce an gaya masa kirim ɗin salak ya fi bama sauƙi, yana son ya ji gaskiyar maganar.

Alhaji, akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Kirim ɗin salak ɗan Ingila ne, kamfanin Heinz ya fito da shi a 1914. Mansa bai kai na bama ba, saboda haka kalorinsa a cokali kusan rabin na bama ne. Sai dai ana ƙara masa suga, ga shi da ruwa-ruwa, tuttula shi ake yi daga kwalba ba a aunawa. A wajenka mai ciwon suga wannan abin dubawa ne. Haka su ma waɗanda ake rubuta wa cewa an rage musu mai, sau da yawa da ruwa da sitaci da suga ake cike gurbin. Ka juya bayan kwalbar, ko da Faransanci aka rubuta lambobin ba sa canjawa: ka duba kalori nawa, suga nawa, gishiri nawa a giram 100, ka gwada kwalba da kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin irin waɗannan kwalabe da dunƙulen miya. Ka kuma kai wa likitanka kwalbar ya gani.

Wasiƙa ta uku ta yi mini daɗi ƙwarai. Wata dattijuwa ce daga Katsina ta sa jikarta ta rubuto. Ta ce su da kwaɗon zogale da na rama suka tashi, ba su san wata bama ba, me ya hana yaran yanzu komawa ga ƙuli-ƙuli?

Inna, Allah ya ƙara girma, ya ja kwana. Maganarki dutse ce. Abin da mai son bama yake nema a bakinsa shi ne maiƙo da kauri da ɗan tsami da gishiri, kuma duk kwaɗo yana da su. Ƙuli-ƙuli gyaɗa ce da aka soya aka niƙa aka tatse yawancin manta, abin da ya rage aka mulmula aka toya. Saboda haka yana da furotin mai yawa, abin da bama ba ta da shi sai ɗan kaɗan, furotin kuwa shi ke sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Wanda ya ci kwano ɗaya na kwaɗon zogale da la'asar ya san ba ya tashi yana lalube a madafa. Ga zogalen kansa, ga rama mai tsaminta na asali, ga tafasa, ga yaɗiya, ga lansir lokacin sanyi. Kuma ba abin da ya hana a kwaɗa kabeji da latas da kokwamba da ƙuli, masu tallar kwaɗo sun daɗe suna yi.

Sai dai Inna, ki yi mini izini in ƙara abu biyu. Ku da kuka ci kwaɗo kun yi daka, kun ɗebo ruwa a rijiya, kun yi surfe, kun taka ƙasa. Jikarki a kan kujera take wuni. Saboda haka ita ma sai ta auna: garin ƙuli cokali biyu, a dama shi da ruwa da lemon tsami, a sa albasa da tumatir da attarugu, man gyaɗa kuwa ƙaramin cokali ɗaya ya isa. Inda ake ɓata kwaɗo shi ne wajen kwarara masa mai da ludayi da marmasa dunƙule biyu ko uku. Na biyu, a kula da inda aka sayi ƙulin. Gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da wata guba da ake kira aflatoksin, mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Ƙulin da yake ɗaci ko warin ruma, a zubar.

Bari in ɗauki gajerun saƙonni da suka shigo ta waya. Wata amarya daga Bauchi ta ce in ta haɗa bamarta a gida, ba ta fi ta kanti sauƙi ba? Amarya, ta fi tsafta ta fuskar sanin abin da kika sa, amma ba ta fi sauƙin kalori ba, don ke da kanki za ki ga gwaiduwa ɗaya tana shanye kusan kofin mai. Ga kuma ɗanyen ƙwai, wanda kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa amai da gudawa. Mai juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi su guje ta, kuma da yadda wutar lantarki take a wajenmu, kada a ajiye ta ta kwana.

Wani ɗalibi daga Sakkwato ya tambaya ko man zaitun yana sa ƙiba. Ɗan'uwa, babban cokalinsa kalori 120 ne, daidai da na man gyaɗa. Irin kitsensa yana da kyau ga zuciya, amma wajen nauyin jiki mai mai ne. Fiya ma haka, in ka murƙushe ta da lemon tsami tana yin abin zubawa mai daɗi, amma rabin madaidaiciya ya haura kalori 100.

Wata 'yar'uwa daga Kaduna ta ce ita a gida tana kiyayewa, wajen biki ne take faɗuwa. Yaya, kada ki tafi biki da yunwa, ki ci ƙwai ko ɗan wake kafin ki fita. In an miƙo faranti, ki zaɓa tsakanin salak mai bama da soyayyiyar shinkafa, ki ci ɗayan da daɗin rai. Biki ɗaya ba ya rushe aikin wata guda. Abin da ke rushewa shi ne a dawo gida a ce tunda an karya, bari a ci gaba har ƙarshen mako. Ta kuma ce sha'awar ta fi taso mata da dare. Ki duba barcinki. Ƙarancin barci yana ƙara sinadarin da ke tayar da yunwa, yana kuma karkata rai ga abu mai maiƙo da zaƙi. In ta taso, ki sha ruwa ko shayi marar suga, ki tashi daga inda kike, ki ba ta minti goma sha biyar. Sau da yawa takan lafa. In ba ta lafa ba, ki auna cokalinki ki ci da kokwamba a zaune, a faranti.

Saƙo na ƙarshe ya zo ba suna ba gari, daga wata yarinya mai shekara 19. Ta ce in ta ci salak da bama da yawa sai baƙin ciki ya kama ta, ta shiga banɗaki ta sa yatsa ta amayar, wani lokaci kuma ta sha shayin rage ƙiba mai sa gudawa, kuma ba wanda ya sani a gidansu.

Ƙanwata, na gode da kika amince kika faɗa mini, na san ba da sauƙi kika rubuta ba. Ki saurare ni da kyau. Duk maganar auna cokali da na yi yau ba taki ba ce. Abin da kike fama da shi lalura ce da likitoci suka sani, tana da magani, kuma ba laifinki ba ne. Yawan jawo amai yana cinye haƙora, yana ƙona maƙogwaro, yana zubar da sinadarin fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi, shayin gudawar nan kuma ƙara zubar da shi yake. Ki daina shan shayin daga yau. Ki nemi mutum ɗaya da kika yarda da shi, mahaifiyarki ko yayarki ko gwaggonki, ki gaya mata, ta raka ki asibiti cikin wannan makon. Ki faɗa wa likita komai yadda kika faɗa mini, ki roƙi a haɗa ki da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da masanin abinci. In kika ji zuciyarki na bugawa ba daidai ba, ko jiri, ko kika ga jini a amai, kada ki jira gari ya waye. Iyaye mata masu saurarenmu kuma, in 'yarku ta zo muku da irin wannan magana, don Allah kada a yi mata faɗa, a riƙe hannunta a kai ta asibiti.

Lokaci ya cim mana. Wasiƙun da ban kai gare su ba, musamman masu tambaya kan buɗa-baki da soye-soye, suna nan a ajiye, da su za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.