Kitse a hanta: ciwon da ba ya sallama

Ƴan uwa, darasinmu na yau a kan hanta ne.

Hanta tana gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Nauyinta wajen kilo 1 da rabi ga babban mutum. Ita ke tace jini. Ita ke ajiye ƙarfin abinci. Ita ke yin ruwan matsarmama.

Mi ne ne ciwon?

Giya tana ɓata hanta, kowa ya sani. Amma kitse yana taruwa a hantar wanda bai taɓa shan giya ba. In kitse ya wuce kashi 5 cikin 100 na hanta, ya zama ciwo. A duniya, aƙalla babba 1 cikin 4 yana da shi.

Wa ya fi kamawa?

Mai ƙaton tumbi. Mai ciwon sukari. Mai wuni zaune, ga shayi mai zaƙi, ga lemun kwalba, ga soye-soye. Mata, ku lura: wasu ƙwayoyin ƙiba na ƴan tebur suna tara kitse a hanta. Tumbi ba shaidar arziki ba ne.

Da fari ba a jin komi, sai gajiya ko nauyi a gefen dama. In an yi sake, hantar wasu ta kumbura, ta yi tabo, ta yi tauri. Ido ya yi rawaya, ruwa ya cika ciki. A lokacin gyara ya yi wuya.

Yaya ake magance shi?

1. Ku je gidan likita. Da awon jini da hoton ciki ake gane shi. A auna muku sukari da ciwon hanta na B.

2. Ku rage ƙiba, kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Mai kilo 80 ya rage kilo 6 zuwa 8, cikin wata 6 ko fiye. Banda zama da yunwa. Sannu ba ta hana zuwa.

3. Ku rage sukari a shayi da fura. Ku rage mai a miya. Ku riƙe gero, dawa, wake, zogala, kuɓewa da kifi.

4. Ku yi tafiya da sauri, minti 30, kwana 5 a mako. Da rani ma, bayan an gama aikin gona.

5. Kada ku sha ƙwaya ko jiƙo ba da sanin likita ba. Mai ciwon sukari ya riƙe maganinsa.

A 2024 Amurka ta yarda da maganin farko na wannan ciwo, don waɗanda hantarsu ta yi tabo. Amma babban magani yana cikin ƙwaryarku da ƙafafunku. In an tashi da wuri, kitsen yana narkewa, hanta ta koma daidai.

Tambayoyi

1. A wane gefe hanta take?
2. Kilo nawa mai kilo 100 zai rage?
3. Sau nawa kuke shan shayi a rana?