Agogon da Baba Ya Bari: A Bi Shi a Hankali

A gidaje da yawa a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, akwai tsohon agogon hannu kwance a akwatin marigayi, wataƙila Seiko 5 ko Rado, tsarabar aikin Hajji. Kuskurenmu shi ne miƙa shi ga duk mai gyaran da muka tarar ranar kasuwa. Ya canza fuska da hannaye, ya goge jikin ƙal, shi ke nan daraja ta zube, domin masu saye kayan asali suke nema.

Da farko, agogon yana cikin gado. A yi masa kuɗi gaban magada kafin ka ɗaura.

Kada ka yi ta girgiza shi don ya tashi. Mai ya bushe, ƙurar hunturu ta shige, haƙoran ciki za su ci juna.

Ɗauki hoton bayansa. A Seiko, lambar farko cikin jerin lambobin ita ce ƙarshen shekarar ƙira, ta biyu kuma wata.

Nemi tsohon gwani, ko da sai ka je Kano. Ka ce masa wanki da mai kawai, kuma duk abin da ya cire ya dawo maka da shi.

Ka riƙa cire shi kafin alwala, robar hana ruwa ta daɗe da mutuwa.