Yadda Ake Sarrafa Akwatin Tambaya na Kwamfuta da Kibod Kaɗai

A shagunan buga takardu na Burumburum da Tudun Wada, maus ne ya fi komai saurin mutuwa a kan tebur. Ƙurar hunturu ta shige shi, ko wayarsa ta tsinke daga ciki, ko batirin marar waya ya ƙare daidai ranar da 'yan rajistar jarrabawa suka cika benci. Idan ba a samu sabo a gari ba, sai an ba direba saƙo zuwa Kano. Amma aiki ba dole ya tsaya ba. Kusan duk abin da maus ke yi a Windows kibod ma yana yi, musamman a ƙananan akwatunan nan da ke faɗowa tsakiyar allo suna tambaya: a adana? Kwafi nawa? Wace irin takarda?

Kafin ka taɓa kowane maɓalli, fara da ido. A kowane lokaci, abu guda ne tak a cikin akwatin yake sauraron kibod, kuma kwamfuta tana nuna maka shi. Wani lokaci layin ɗige-ɗige ne ya kewaye shi, wani lokaci ya yi shuɗi, idan kuma gurbin rubutu ne za ka ga ɗan siririn layi yana ƙyaftawa a ciki. Wannan ita ce alamar tsayawa. Duk abin da ka danna, wurin da take shi zai karɓa. Yawancin ɓarnar da sababbin hannu ke yi daga nan take: hannu ya riga ido.

Buɗe Word ka gwada. Rubuta layi ɗaya, riƙe Ctrl ka danna A don a zaɓe shi duka, sannan Ctrl da D. Akwatin Font zai fito, kuma na zaɓe shi ne don kusan kowane irin abu da za ka tarar a sauran akwatuna yana cikinsa. Yanzu nemo Tab, maɓallin da ke hagu, saman Caps Lock, mai kibiyoyi biyu. Danna shi sau ɗaya ka duba inda alamar ta koma. Sake dannawa. Za ta bar sunan rubutu ta je salonsa, ta je girmansa, ta gangara har madannan OK da Cancel a ƙasa, daga nan ta zagayo farko. Idan ka zarce inda kake nufi, ba sai ka zagaye akwatin duka ba: riƙe Shift ka danna Tab, ta dawo baya taki ɗaya. Tab kai ka wuri kawai yake yi, ba ya canza komai. Saboda haka ka yi ta dannawa ba fargaba har idonka ya saba bin alamar.

Da ka isa, abin da za ka danna ya danganta da irin wurin. Idan gurbin rubutu ne, rubuta kawai. In akwai tsohon rubutu da ya yi shuɗi, sabon zai share shi. Idan jeri ne, kamar na girman rubutu, kibiyar sama da ta ƙasa ke tafiya a cikinsa. Idan ɗan murabba'i ne da ake sa wa maki, kamar All caps mai mai da rubutu manyan baƙaƙe, dogon maɓallin nan na tazara, Space, shi ke sa makin, shi ke cire shi. Akwai kuma 'yan da'irori da ke zuwa rukuni, irin waɗanda ke tambaya ko duk shafuka za a buga ko shafi ɗaya. Su ɗaya kaɗai ake zaɓa, kuma Tab yana ɗaukar rukunin duka a matsayin wuri guda. Da shi za ka shiga, da kibiyoyi za ka zaɓa. Nan ne mutane da yawa ke cewa kibod ya ƙi aiki, alhali maɓallin ne ba nasa ba.

Wasu akwatunan suna da shafuka jere a samansu. Ctrl da Tab ne ke juya su. Ga inda zai yi maka rana: Word sau da yawa yana zuwa a saite kan takardar Letter ta Amurka, mu kuwa A4 muke saya a kasuwa, wadda ta fi ta tsawo ta kuma ɗan fi ta siranta, shi ya sa wasiƙa kan fito ba daidai da takarda ba. Danna Alt ka saki, sannan P, S, P ɗaya bayan ɗaya. Akwatin Page Setup zai buɗe. Juya zuwa shafin Paper, kai alamar kan girman takarda, riƙe Alt ka danna kibiyar ƙasa don jerin ya sauko, ka zaɓi A4.

Wanda ya gaji da yawan Tab, akwai hanyar yanke. Danna Alt ka duba kalmomin akwatin da kyau: a yawancinsu akwai harafi ɗaya da aka ja wa layi a ƙarƙashi. Alt da wannan harafin zai kai ka can kai tsaye. A akwatin Font, Alt da S girman rubutu ne, Alt da A manyan baƙaƙe. Tun daga Windows 2000 ake ɓoye waɗannan layukan a wurare da yawa sai an danna Alt, abin da a ganina bai taimaki mai koyo ba. Tsarin kansa ya girmi haka, don a 1987 kamfanin IBM ya fitar da ƙa'idojin yadda manhajoji za su riƙa amsa waɗannan maɓallai, Windows kuma ya bi su. Shi ya sa abin da ka koya a tsohuwar kwamfutar makaranta yake aiki a sabuwar laftof.

Saura maɓallai biyu, kuma ɗayansu ne ke buƙatar hattara. Esc, a can kusurwar hagu ta sama, yana rufe akwati ba tare da an canza komai ba. Enter kuwa zartarwa yake yi. A kowane akwati akwai madanni guda da aka yi wa kauri ko launi, yawanci OK ko Save ko Yes, kuma shi Enter zai danna ko da alamar tana can cikin wani gurbi. Sai fa idan ka kai alamar kan wani madannin, to wannan zai danna. Ka ɗauka yaron shago ya zaɓi fayil a filas ɗin wani malami ya taɓa Delete. Akwati ya fito yana tambaya, Yes ne a shirye, shi kuma hannunsa ya saba da Enter. Abin da aka goge daga filas ba ya zuwa kwandon shara, ya tafi ke nan, sai dai a ce, "Malam, ka yi haƙuri." Haka ma idan ka rufe Word da Alt da F4 ya tambaye ka ko a adana: S adanawa, N watsarwa, Esc komawa aiki. Karanta kafin ka danna. In ba ka gane tambayar ba, Esc.

Inda wannan ilimi ya fi biyan kuɗinsa shi ne cike fom a intanet, na jarrabawa ko na neman aiki ko tallafi. Suna, Tab, sunan mahaifi, Tab, hannu bai bar kibod ba. Da ka iso jerin jihohi, danna K: Kaduna za ta fito, ka ƙara dannawa sai Kano. A jerin ƙananan hukumomi 44 na jihar, idan an jera su bisa haruffa, B na biyu ne Bebeji, bayan Bagwai. Mutumin Burumburum sai ya wuce Takai, Tarauni, Tofa da Tsanyawa kafin ya iso Tudun Wada, na Doguwa kuma ya wuce Dala, Dambatta da Dawaki biyu. Ya fi sauƙi ka rubuta farkon sunan da sauri, "Tu" ko "Do", jerin ya yi tsalle. Tarkon yana nan: bayan ka zaɓi Kano, alamar tana kan jerin har yanzu. Ka taɓa kibiyar ƙasa da nufin gangara shafi, Kano ta koma Katsina shiru, ba wanda ya ji. Gyaran jiha ko ƙaramar hukuma bayan an tura fom kuwa wahala ce da kashe kuɗi. Fita daga jerin da Tab tukuna, kuma kafin ka tura, koma sama da Shift da Tab ka karanta wa mai fom ɗin abin da ke kowane gurbi, ya amsa da bakinsa.

Wani lokaci za ka danna Tab ka ga ba abin da ya motsa. Galibi akwatin ne ya ɓuya a bayan wata taga, ko wata tagar ce ke sauraro. Riƙe Alt ka riƙa danna Tab har ka iso wadda kake so, sannan ka saki. Akwai kuma shafukan da aka gina su da sakaci, waɗanda Tab ke tsallake wani madanni a cikinsu. Ga irin waɗannan, Alt na hagu da Shift na hagu da Num Lock tare suna kunna tsarin da maɓallan lambobi na dama ke tuƙa kibiyar maus: 8 sama, 2 ƙasa, 4 hagu, 6 dama, 5 dannawa. Tafiyar hawainiya yake yi, amma yana kai mutum. Makafi da ke aiki da manhajar karanta allo irin NVDA, wadda kyauta ce tun fitowarta a 2006, da waɗannan maɓallan na Tab da kibiyoyi da Space suke yin aikinsu kullum.

Ɗalibai kuma su lura da bambanci guda. JAMB ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013, ta mai da ita dole ga kowa a 2015, sannan a 2017 ta kawo tsarin maɓallai takwas saboda waɗanda ba su saba da maus ba: A, B, C, D na amsa, N tambaya ta gaba, P ta baya, S miƙa aiki, R komawa idan an danna S bisa kuskure. Wannan tsarin nata ne, daban da na Windows, kuma akan yi masa gyare-gyare, don haka a karanta umarnin da ke kan allo a ranar. A ɗakin jarrabawa a bar Alt da F4 da Alt da Tab gaba ɗaya. Idan wani akwati ya faɗo wanda ba ka san shi ba, ɗaga hannu ka kira mai sa ido.