Tiyatar Rage Ƙiba: Ire-irenta da Yadda Ake Gane Likitan da Ya Cancanta

A ƙasar Hausa an daɗe ana ɗaukar ƙiba a matsayin alamar hutu da wadata. Amma akwai ƙibar da ta wuce ado ta zama cuta, wadda kan jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa da ɗaukewar numfashi a cikin barci. Wanda ƙiba ta kai shi wannan matsayi, ba kasafai rage abinci da motsa jiki kaɗai suke fitar da shi ba, domin da zarar nauyi ya fara sauka sai jiki ya ƙara yunwa ya kuma rage ƙona abinci, har sai ya maido da abin da ya rasa. Irin waɗannan mutane ne ake yi wa tiyatar rage ƙiba.

Ba da ido ake yanke hukunci ba, da lissafi ne. Ana raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau kansa. Misali, mai nauyin kilo 120 da tsawon mita 1.70: za a ninka 1.70 sau 1.70 a sami 2.89, sannan a raba 120 da 2.89 a sami 41.5. Wannan adadi shi likitoci ke kira BMI. Lafiyayyen baligi yakan faɗa tsakanin 18.5 da 25. A 1991 wani taron masana a Amurka ya tsayar da cewa a yi tiyata ga mai 40 ko fiye, ko mai 35 idan yana da wata cuta da ƙibar ta jawo. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauto da ƙa'idar zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon sukarin da magani ya kasa shawo kansa. Ɗalibai su gwada lissafa na mace mai kilo 95 da tsawon mita 1.60, su ga inda ta faɗa a ƙa'idojin biyu.

Hanyar abinci

Kafin a fahimci aikin sai an tuna da hanyar da loma ke bi. Daga maƙoshi takan faɗa tumbi, wato jakar nan ta tsoka mai ɗaukar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Daga nan sai ƙaramin hanji, mai tsawon kimanin mita 6, inda jiki ke tsotse amfanin abinci. Sashen farko na wannan hanji, diyodinam, bai wuce santimita 25 ba, amma a nan ne ruwan matsarmama da na fankiriyas ke haɗuwa da abinci, kuma a nan ne aka fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalshiyam. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Likitocin farko, a shekarun 1950, sun yi tunani mai sauƙi: idan aka gajarta hanji, abinci zai wuce ba tare da ya zauna ba. Sai suka haɗa farkon ƙaramin hanji da ƙarshensa, suka bar ƙasa da rabin mita yana aiki. Mutane sun rame ƙwarai. Amma gudawa ta addabe su, wasu suka yi tsakuwar ƙoda, wasu hantarsu ta lalace har suka mutu, daga baya aka yi watsi da aikin. Tun daga lokacin aka gane cewa yawan kilon da ya zube ba shi kaɗai ne ma'aunin nasara ba.

A 1966 Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka ya kawo wata dabara. Ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani ɓangare na tumbi saboda gyambon ciki ba sa iya yin ƙiba bayan haka, sai ya mayar da wannan illa ta zama magani. Daga aikinsa ne tiyatar baifas ta samo asali.

Baifas da silif

Duk wanda ya san titin baifas, wanda ke zagaye gari don motoci su kauce wa cunkoso, ya fahimci sunan. Ana yanke saman tumbi a mayar da shi 'yar jaka da ba ta wuce girman ƙwan kaza ba, mai ɗaukar kimanin mililita 30. Sai a yanke ƙaramin hanji a jawo shi a ɗinke a jikin jakar. Abinci zai tsallake sauran tumbin da diyodinam baki ɗaya. Tsohon tumbin yana nan a cikin jiki, ruwansa da na matsarmama suna gangarowa su tarar da abinci can ƙasa, a mahaɗa mai siffar harafin Y. Ana danganta wannan haɗi ga César Roux, wani likitan tiyata ɗan Suwizalan. Tun daga wajen 1994 ake yin aikin ta 'yan ƙananan huji, da kyamara da dogayen kayan aiki, ba tare da an tsaga ciki ba.

Silif kuwa, ma'anarsa hannun riga. Ana cire kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar da shi daga jiki, a bar siriri mai kama da ayaba. Ba a taɓa hanji. Da farko matakin share fage ne kawai ga masu ƙibar da ta yi yawa ainun, kafin a yi musu babban aiki. Da aka ga da yawa sun rame da shi kaɗai, sai ya tsaya da ƙafarsa. Yau shi ne aka fi yi a duniya, domin ya fi saurin yi. Sai dai abin da aka cire ya tafi ke nan.

Akwai ɗaurin zobe, inda ake ɗaura wani zoben roba a saman tumbi, ana matse shi ko a sassauta ta hanyar zuba ruwa. Ya yi tashe a farkon shekarun 2000 saboda ba a yanka komai, amma zoben kan zame ko ya ci jikin tumbi, kuma an cire wa mutane da yawa nasu. Yanzu an rage yin sa sosai. A ɗaya ɓangaren akwai aiki mafi ƙarfi, wanda ya tsiro daga binciken Nicola Scopinaro na Italiya a shekarun 1970: a rage tumbi kuma a tsallake mafi yawan hanji. Babu wanda ya kai shi zubar da nauyi, babu kuma wanda ya kai shi jawo ƙarancin furotin da bitamin.

An daɗe ana koyar da cewa waɗannan ayyuka suna tasiri ne ta hanyoyi biyu kawai, wato ƙuntata tumbi da hana tsotsar abinci. Wannan bayani bai cika ba. Likitoci sun lura cewa sukarin mai ciwon sukari kan sauka cikin 'yan kwanaki bayan baifas, tun bai rasa wani nauyin kirki ba. Ashe tumbi da hanji suna aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa da fankiriyas ta hanyar sinadaran da ake kira homon. A 1999 masana a Japan suka gano girelin, homon mai tayar da yunwa, wanda mafi yawansa ke fitowa daga saman tumbi, daidai ɓangaren da silif ke cirewa. Haka kuma idan abinci ya isa ƙasan hanji da wuri, hanjin kan saki GLP-1 da yawa, shi kuma ya sa ƙoshi ya kuma ƙara fitar insulin. Allurar samaglutayid, wadda aka amince da ita don rage ƙiba a Amurka a 2021, kwaikwayon wannan homon take yi; takan rage kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyi, amma idan aka daina ta mafi yawansa kan dawo.

Wanne ya fi?

Wani bincike da aka fara a Suwidin a 1987 ya bi mutum kusan 4,000, rabi da tiyata rabi babu. Bayan shekara 10, masu baifas sun rasa kashi 25 cikin ɗari na nauyinsu, masu zobe kashi 14, waɗanda ba a yi wa aiki ba kuwa kusan suna nan yadda suke. Rahoton 2007 ya nuna mace-mace sun ragu da kusan kashi 29 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata. Wani gwaji kuma a Cleveland ta Amurka ya duba masu ciwon sukari: bayan shekara 5, kashi 29 cikin ɗari na masu baifas sun kai ma'aunin sukarin da aka sa a gaba, masu silif kashi 23, masu shan magani kaɗai kashi 5. A lura da waɗannan alƙaluma da kyau: ko baifas ma bai warkar da kowa ba.

Saboda haka tambayar da ta dace ita ce, wanne ya fi wa wane? Mai fama da ƙwannafi mai tsanani, silif kan ƙara masa, domin siririn tumbi na tura ruwan tsami sama. Baifas kuwa kan rage shi. Mai daɗaɗɗen ciwon sukari ya fi amfana da baifas. Amma baifas yana tsallake diyodinam, don haka macen da ke da ƙarancin jini tun asali, abin da ya yawaita a ƙasashenmu, za ta buƙaci maganin ƙarin jini da kalshiyam da bitamin B12 har ƙarshen rayuwarta, da gwajin jini a kai a kai. Mai silif ma bai tsira daga shan bitamin ba. Wanda ba zai iya samun waɗannan ba a inda yake zaune, a ganina bai kamata a tsallake masa hanji ba, komai kyan asibitin da zai yi aikin.

Akwai kuma abubuwan da suka shafi rayuwarmu ta yau da kullum. Lomar tuwo da ake haɗiyewa ba tauna tana iya tsayawa a 'yar jakar ta jawo amai. Fura ko kunu mai sukari da yawa na iya zubowa hanji a lokaci ɗaya, mutum ya ji jiri da gumi da bugun zuciya da gudawa. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak, waɗanda ake saye a kyamis ba takarda, suna haddasa gyambo a wurin ɗinki, haka ma taba. Ana shawartar mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Batun azumi kuwa, wanda ba ya iya shan ruwa sai kurɓi-kurɓi yana cikin haɗarin bushewar jiki, don haka a tsara lokacin aikin da likita tun da wuri.

Hannun da zai yi aikin

A ƙwararrun cibiyoyi, waɗanda ke mutuwa cikin wata guda da aiki ba su wuce 1 zuwa 3 cikin 1,000 ba. Amma wannan adadi na ƙwararru ne. A 2013 aka buga wani bincike daga jihar Michigan ta Amurka: likitocin tiyata 20 suka ba da bidiyon yadda suke yin baifas, takwarorinsu suka ba su maki ba tare da sanin mai aikin ba. Majinyatan waɗanda suka zo ƙasa sun sami matsala kashi 14.5 cikin ɗari, na waɗanda suka zo sama kashi 5.2. Abin mamaki, yawan shekarun da likita ya yi yana aiki bai nuna gwaninta ba. Yawan irin wannan aikin da yake yi a shekara shi ya nuna.

Majinyaci ba zai ga bidiyo ba, amma yana da abin dubawa. A Nijeriya kowane likita sai da rajista da lasisin shekara daga hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN. Digirin likita kaɗai bai mayar da mutum likitan tiyata ba. Sai ya yi ƙarin horo na shekaru ya sami shaidar Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, FWACS, ko ta kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa, FMCS, ko makamanciyarsu. Bayan wannan ma ana so ya yi horo na musamman a tiyatar ƙiba. A tambaye shi kai tsaye: sau nawa ya yi wannan aikin bara, mutum nawa ɗinkinsu ya yi yoyo, nawa aka mayar ɗakin tiyata? Mu da aka tarbiyyantar da jin nauyin manya, irin wannan tambaya kan yi mana wuyar fita, amma ƙwararre ya saba jin ta kuma yana da amsa a rubuce. A yi hattara da wanda aiki ɗaya kawai ya iya yana kuma ba kowa shi, da wanda ya sa ranar tiyata tun kafin a yi gwajin jini da na zuciya, ko a yi maganar leƙa tumbi da kyamara. A duba ko asibitin na da ɗakin kulawa ta musamman, da ƙwararren likitan sa barci, da na'urar hoton CT, da masanin abinci mai gina jiki, da wanda zai tattauna halin zuciyar majinyaci.

Da yawa daga cikin masu hali suna fita Indiya ko Masar ko Turkiyya, kuma akwai gwanaye a can. Matsalar tana ga dillalai masu tallar aiki da otal da tikiti a farashi ɗaya, a sallami mutum cikin 'yan kwanaki. Gwamnatin Birtaniya ta sha gargaɗin 'yan ƙasarta bayan wasu sun mutu sakamakon ayyukan da aka yi musu a Turkiyya. Yoyon ɗinki yakan bayyana ne a kwanakin farko zuwa mako biyu, da bugun zuciya mai sauri da zazzaɓi da ciwon ciki ko na kafaɗa, kuma jinkirin awoyi kaɗan na iya kai mutum kabari. Doguwar tafiya a jirgin sama bayan tiyata tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, gudan jinin ya tafi huhu. Wanda zai fita, ya samu likitan tiyata a gida da ya yarda zai karɓe shi tun kafin ya tashi, ya kuma dawo da cikakken rahoto a rubuce: wane aiki aka yi, tsawon hanjin da aka tsallake, da magungunan da zai ci gaba da sha.