Darasi: Yadda Magani Kan Cutar da Hanta

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa, mu sani cewa hanta ce ke sarrafa yawancin magungunan da muke sha. Saboda haka idan magani ya wuce kima, sau da yawa ita ke cutuwa.

A nan Arlit da Akokan, da lebura da direba da mai haƙar zinariya, da yawanmu muna kashe gajiya da farasitamol na masu talla. To, haddin baligi giram 4 ne a kwana guda, watau ƙwaya 8 masu miligiram 500. Mashayin giya, da mai tsohon ciwon hanta, da wanda yunwa ta ramar, nasu haddin bai kai haka ba. Kuma magungunan mura da dama na ɗauke da farasitamol, sai mutum ya ninka bai sani ba. Magungunan tarin fuka ma, irin su isoniyazid, sukan taɓa hanta.

Alamomin su ne tashin zuciya, da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da jan fitsari, da rawayar ido. Kada mu ce shawara ce kawai, mu bi ta da saiwoyi. Mu je asibiti da kwalin duk abin da muka sha; gwajin jini zai nuna halin da hanta take ciki, likita kuma ya tsayar da maganin ko ya sauya shi.

Wanda ya zarce haddin farasitamol, kada ya jira alama. Akwai makarinsa, asetilsistayin, kuma ya fi amfani cikin awa 8 na farko.

Jiki amana ne. Allah Ya ba mu lafiya, amin.