Yadda Ake Zana Doki Mai Ƙaho da SVG a Wayar Android

Duk wanda ya taɓa kai tambarin shago wurin masu buga bana a Jega ya san matsalar: hoton da ya fito tas a waya, da an faɗaɗa shi sai ya dushe, gefensa ya yi kaca-kaca, kuɗin bugu ya tafi a banza. Dalili shi ne hotunan JPG da PNG tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma yawansu ƙayyadadde ne. SVG kuwa umarni yake ajiyewa, kamar "zana da'ira a wuri kaza", don haka ko an mayar da shi girman bango ba ya lalacewa. Ƙungiyar W3C ce ta fitar da tsarin a 2001, kuma Chrome da Firefox duk suna buɗe shi.

Wannan darasi zai yi amfani da yunikon, wato dokin almara mai ƙaho ɗaya a goshi, irin wanda ke jikin tambarin masarautar Birtaniya. A watan Maris na 2023 masu bincike na Microsoft sun gwada GPT-4 da shi: suka sa ta zana yunikon da kod, sannan suka cire ƙahon suka ce ta mayar da shi inda ya dace. Gwajin yana da ma'ana, domin sai wanda ya gane ina kai yake, ina wutsiya take, zai iya.

Abin da ake buƙata

Wayar Android, manhajar rubuta kod kamar Acode, da Chrome. Bayan sauke manhajar, ba a buƙatar data.

Ƙa'ida ɗaya kafin a fara

Filin zanen murabba'i ne, 200 a faɗi, 200 a tsawo. Lissafi yana farawa daga kusurwar sama ta hagu. Lambar x tana ƙaruwa zuwa dama, ta y kuma tana ƙaruwa zuwa ƙasa, saɓanin yadda ake koyarwa a darasin lissafi na sakandare. A nan yawancin masu koyo ke ruɗewa.

Sai a buɗe sabon fayil, a sa masa suna doki.html, a rubuta:

<svg viewBox="0 0 200 200">
<g fill="white" stroke="black">
<rect x="60" y="120" width="9" height="55"/>
<rect x="76" y="120" width="9" height="55"/>
<rect x="108" y="120" width="9" height="55"/>
<rect x="124" y="120" width="9" height="55"/>
<polygon points="118,105 138,60 158,68 140,118"/>
<ellipse cx="95" cy="115" rx="45" ry="25"/>
<polygon points="150,60 162,62 170,22" fill="gold"/>
<ellipse cx="158" cy="66" rx="22" ry="12" transform="rotate(25 158 66)"/>
</g>
<circle cx="160" cy="63" r="2"/>
<path d="M52,108 Q25,115 35,155" fill="none" stroke="purple" stroke-width="6"/>
</svg>

Bayanin layukan

Layukan rect huɗu su ne ƙafafu. Polygon na farko wuya ne, an haɗa ɗigo huɗu. Ellipse na farko gangar jiki ce, mai siffar ƙwai: cx da cy tsakiyarta ne, rx da ry kuma rabin faɗinta da rabin tsawonta. Polygon mai ɗigo uku shi ne ƙaho. Ellipse na biyu kai ne, an karkata shi da digiri 25 don hanci ya kalli ƙasa. Circle ido ne. Path kuma wutsiya ce: M yana nufin inda alƙalami ya sauka, Q yana lanƙwasa layin zuwa ƙarshensa.

Jerin layukan yana da muhimmanci. Abin da aka rubuta daga baya shi ke hawa kan na farko. Shi ya sa ƙafafu da wuya suka riga jiki, ƙaho ya riga kai, domin a rufe mahaɗarsu. Mai koyo ya gwada mayar da layukan ƙafafu ƙasan layin jiki, zai ga sun hau cikin dokin.

Idan shafin ya fito fari fat ko wasu sassan dokin suka ɓace, yawanci ɗaya cikin biyu ne: ko an manta alamar /> a ƙarshen layi, ko kibod ɗin waya ya sa lanƙwasassun alamun zance maimakon miƙaƙƙu.

Aikin gida

Na farko, a ƙara kunne da polygon mai ɗigo uku a bayan ƙaho. Na biyu, a yi geza da path a bayan wuya. Na uku, a goge ƙahon, a ɗora sirdi da jalala masu launi da linzami, ya koma dokin hawan sallah.

Wanda ya iya wannan ya riga ya riƙe kayan aikin zana tambari. Albasar Aliero, alal misali, ellipse ɗaya ce da path uku na ganye, kuma dillali zai iya buga ta a buhu ko a allon shago ba tare da ta dushe ba. In za a kai wa mai bugu, sai a ƙara xmlns="http://www.w3.org/2000/svg" cikin layin farko, a ajiye fayil ɗin da sunan doki.svg. Inkscape da CorelDRAW duk za su buɗe shi.